Kwana uku kwamfuta tana aiki ba hutu, ba za ta ƙone ba kuwa?

Mai_Zanen_Gini ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah masana kwamfuta ku agaza mini da shawara, don abin ya fara hana ni barci.

Sana'ata zanen gine-gine. An ba ni aikin wani gida mai hawa biyu, mai gidan kuwa ya ce zane a takarda bai gamsar da shi ba, yana son ɗan bidiyo na minti ɗaya wanda zai nuna kamar mutum ya shigo ta ƙofar gaba, ya ratsa falo, ya hau bene har ɗakin kwana. Na haɗa komai a Blender, manhajar da nake zanen da ita, saura fitarwa, wato kwamfuta ta zana hotunan bidiyon ɗaya bayan ɗaya. To minti ɗayan nan hoto 1,800 ne, tunda kowace daƙiƙa hoto 30 take ci. Da na gwada sai na ga kowane hoto yana cin kusan minti biyu da rabi kafin ya fito. Na buga lissafi, awa 75 ke nan. Kwana uku da ɗoriya kwamfuta tana aiki iya ƙarfinta, ba dare ba rana.

Kwamfutar tawa laftof ce irin wadda 'yan wasan gem suke so, shekararta uku a hannuna. Firosesarta, wato ƙwaƙwalwarta, ta Intel ce, katin hotonta mai sarrafa hotuna na Nvidia, cajarta mai wat 230 ce, nauyinta kamar bulo. Daren jiya na sa ta aikin na awa shida don in ga yadda za ta yi. Na buɗe HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin sassan kwamfuta, ina kallo: firosesa tana yawo tsakanin digiri 95 da 97, katin hoto ya tsaya a 86. Fankokin suna kuka kamar jirgi zai tashi. Saman madannai, wajen da ya haɗu da gilashi, idan na ɗora yatsa ba na iya ƙirga biyar. Ita ma cajar ta yi zafi rau. Wani abu kuma da na lura da shi: hotunan farko a minti biyu da daƙiƙa biyar suke fitowa, amma bayan kamar awa ɗaya sai suka koma minti biyu da rabi, ba su sake saukowa ba.

Da ƙarfe biyu na dare tsoro ya kama ni na tsayar da ita. Ita kaɗai ce gare ni, duk ayyukan mutane suna ciki, kuma ranar Litinin mai zuwa na yi alkawarin miƙa bidiyon.

Abin da nake son sani, idan na bar ta kwana ukun nan za ta ƙone ne? Ko in riƙa kashe ta tana hutawa lokaci-lokaci? Kuma cajar fa, in bar ta a jone duk tsawon lokacin? Wani abokina ya ce in samo robar ƙanƙara in ajiye a ƙarƙashinta, ban dai yi ba tukuna.

Gajeren_Baki ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam, digiri 97 ai saura uku ruwa ya tafasa. Ni dai da ni ne, duk bayan awa uku sai in kashe ta ta huta rabin awa. Ko jaki aka ɗora wa kaya haka ai sai ya durƙushe.

Tsohon_Bakanike ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka. Na daɗe ina buɗe cikin kwamfutoci, kuma zan iya ce maka wurin da kake jin tsoro ba a nan gizo ke saƙar ba.

Bari mu fara da firosesar, tunda ita ce ta tayar maka da hankali. A duk cikin kwamfutarka babu abin da ya iya kare kansa kamarta. A cikinta akwai ma'aunan zafi da yawa, tana duba su kullum ba ƙaƙƙautawa. Yawancin na Intel iyakarsu digiri 100 a ma'aunin Salsiyos. Da ta kusa wannan iyaka sai ta rage gudunta da wutar da take sha da kanta, ba tare da ta nemi izininka ba. Idan ta rage zafin bai sauka ba ya ci gaba da hawa, sai ta ɗauke wuta gaba ɗaya, kwamfutar ta mutu ɗif kamar an zare mata waya. Mutane suna ganin haka su ce ta ƙone, alhali ceton kanta ta yi. Su kamfanin AMD ma da suka fitar da firosesoshin Ryzen 7000 a 2022 sun fito fili sun ce an ƙera su ne su hau har digiri 95 su zauna a nan suna aiki. Katin hotonka shi ma haka yake, na laftof galibi wajen 87 suke fara ja da baya, ka ga naka a bakin ƙofar yake tsaye.

Tsoron da mutane suke ji yana da asali, ba daga sama ya faɗo ba. A 2001 shafin Tom's Hardware ya yi wani bidiyo da ya zaga duniya, suka cire ƙarfen sanyaya daga kan firosesoshi suna tsakar aiki. Pentium 4 ta Intel ta rage gudu ta tsira, Athlon ta AMD ta wancan zamani ta yi hayaƙi cikin daƙiƙu. Mu da muka ga wannan zamanin har yau abin yana ranmu. Amma an wuce nan da daɗewa.

Yanzu dawo kan abin da ka faɗa a tsakiyar bayaninka kamar ba komai ba, wai hoto yana fitowa a minti biyu da daƙiƙa biyar sannan ya koma biyu da rabi. Wannan shi ne maganar. Kwamfutarka ta riga ta buga da iyakarta, tana tafiya tana taka burki. Zafin da take haifarwa ya fi wanda take iya fitarwa. A laftof mai shekara uku da ba a taɓa buɗewa ba, in ka ce in yi caca zan ce ƙura ce. Ba ƙurar da kake gogewa a waje ba. Tsakanin fanka da siraran faranten ƙarfen da iska ke bi ta fita, a nan ƙura da gashi da zaren tufafi suke taruwa su yi tabarma, kamar audugar da aka danne. Na sha ciro ta da hantsaki guda ɗaya sul, da siffar wurin a jikinta. Fanka tana ta kuka amma iskar ba ta da hanya. Sa hannunka a bakin ramin da iska ke fita: idan ƙarar ta fi iskar yawa, ka samu amsarka.

Don haka kafin ka sa ta wannan doguwar tafiya, a buɗe bayanta a share. Idan da kanka za ka yi, kashe ta, zare caja, kana buɗewa ka fara cire wayar batir daga jikin allon, wato babban allon da sassan kwamfutar suke manne a kai. Ka riƙe fankar da yatsa ko tsinke kafin ka hura mata iska mai ƙarfi, kada ka bar ta tana juyawa kamar farfela, ƙafarta, wato sandar tsakiya da take juyawa a kai, ita ce take lalacewa. Ka hura daga waje zuwa ciki ta yadda tabarmar za ta dawo wajen fanka ka cire ta, kada ka ƙara cusa ta. Idan ba ka saba ba ka kai wa mai gyara, aikin minti ashirin ne.

Sannan wurin da za ka ajiye ta. Tebur mai tauri, ba katifa ba, ba kafet ba, ba kan kujera mai laushi ba. Yawancin irin waɗannan daga ƙasa suke shan iska. Ka ɗaga bayanta da wani abu ko da kaurin yatsa biyu ne, ka bar murfin a buɗe, don wasu ta tsakanin madannai ma suke numfashi. Wannan ɗagawar kaɗai tana iya sauke maka 'yan digiri. Faifan nan mai fanka da ake sayarwa a ɗora laftof a kai yana taimakawa, amma rabin amfaninsa ɗagawar ce.

Ƙanƙara kuwa, ka gaishe mini da abokinka ka ce masa a'a. Ka taɓa ganin yadda kofin ruwan sanyi yake yin gumi a waje? Haka raɓa za ta taru a ƙarƙashin kwamfutar, fanka ta zuƙe danshin ta kai shi kan allo. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Akwai kuma man nan da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya. Shekara uku ana zafi ana sanyi yakan bushe ko ya gudu gefe. A canza shi ma lokaci guda tunda an riga an buɗe.

Maman_Biyu ta rubuta:

Sannu Malam. Yaya Bakanike ya gama magana a kan firosesa, ni batir zan yi maka magana a kai, don jiki magayi.

Aikina haɗa bidiyo ne, kuma kusan shekara biyu laftof ɗina ba ta sauka daga kan tebur ba, caja a jone dare da rana, batir kullum a ɗari bisa ɗari. Duk daren duniya sai na bar mata abin da za ta fitar kafin safe. Ban taɓa samun matsala da firosesa ba ko sau ɗaya. Abin da na fara lura da shi, wurin nan da ake shafawa da yatsa a maimakon linzami ya daina dannuwa. Na ɗauka datti ne ya shiga. Bayan wata guda sai na ga in na ajiye ta a tebur tana rawa, ƙafa ɗaya ba ta taɓa ƙasa. Ranar da aka buɗe, batirin ya kumbura kamar matashin kai, har ya fara tsage wurin da kusoshi suke riƙe murfin. Mai gyaran ya ɗauke shi da hannu biyu a hankali kamar mai ɗaukar jariri, ya fita da shi waje. A lokacin na gane da me nake kwana a ɗaki, ni da yara.

Batirin litiyam abu biyu ne ba ya so: zafi, da zama a cike taf na tsawon lokaci. Idan suka haɗu, sinadarin cikinsa yana lalacewa da sauri yana fitar da iska, ita ce take kumbura shi. A laftof kuwa batirin yana kwance ne kusa da duk abin da ke yin zafi, kuma shi ba shi da dabarar rage gudu irin ta firosesa don ya huce. Zama kawai yake yana gasuwa.

Kwana uku ba za su kumbura lafiyayyen batir ba, kada in tsorata ka. Amma naka shekararsa uku, don haka ka duba shi tun yanzu. In an buɗe don share ƙura, ka kalle shi da kyau, ya kamata ya kasance a shafe sumul. Idan ka ga ya yi tozo ko kaɗan, a cire shi kafin ka fara aikin. Kada a danna shi, kada a huda shi, kada a jefa shi cikin shara.

Cajar kuma dole ka bar ta a jone, don irin wannan aikin batir ba zai kai ka ko awa biyu ba, kuma kwamfutar rage ƙarfi take yi in babu caja. Abin da za ka yi, shiga manhajar kamfanin da ya ƙera kwamfutar, akwai wurin da ake ƙayyade caji ya tsaya a 80 ko 60 cikin ɗari. Lenovo da ASUS da Dell duk suna da shi, kowa da sunan da ya ba shi. Ni yanzu tawa a 60 take zaune, sai zan yi tafiya nake cika ta.

Ita kanta cajar kada ka bar ta a ƙasa cikin tarin wayoyi ko a bayan labule. Ɗora ta a fili inda iska ke wucewa. Ɗumi ba komai ba ne, amma in ta kai ba ka iya riƙe ta a hannu, ko kana jin ƙaurin roba, tsaya ka bincika.

Mai_Gadin_Saba ya rubuta:

Malam Gajeren_Baki, ka yi haƙuri zan saɓa maka. Kwamfuta ba ta gajiya irin ta jaki, ba ta da wata gajiya da take taruwa wadda hutu zai sauke. Laftof tana kai ƙarshen zafinta cikin minti ashirin zuwa talatin da fara aiki, daga nan ta tsaya a wurin. Zafin da take da shi a awa ta biyu shi ne a awa ta saba'in, matuƙar fanka tana juyawa kuma ɗakin bai canza ba. In ka kashe ta rabin awa ka kunna, kafin wani rabin awa ta koma inda take. Ka yi asarar lokaci kawai.

Har ma akwai abin da kashewa da kunnawar yake jawowa. Ƙarfe da dalma da allon duk suna buɗewa in sun yi zafi, su tsuke in sun huce, kuma ba daidai suke buɗewar ba. Ƙananan ɗigon dalma da suke riƙe da firosesa da katin hoto a jikin allo su ne suke shan wannan ja-in-ja. Yau da gobe sai su tsage. Waɗanda suka san zamanin Xbox 360, na'urar wasan gem ta Microsoft, sun tuna jan zoben fitilar nan, alamar lalacewar da ta kashe na'urori masu ɗimbin yawa, har Microsoft ta tsawaita garanti zuwa shekara uku a 2007. Daga baya su da kansu suka bayyana cewa hawa da saukar zafi ne yake karya haɗin da ke cikin guntun hoton. Ban ce kashewa sau ashirin zai kashe maka laftof ba, amma dai ba magani ba ne.

Ni aikina kula da sabobi ne, kwamfutocin da suke yin shekaru ba a kashe su ba. Abin da ya sa suke jurewa ba wani sihiri ba ne, iskar da suke shaƙa ce ake kula da ita. Ƙungiyar injiniyoyin sanyaya ta Amurka, ASHRAE, shawararta ita ce iskar da ke shiga saba ta kasance tsakanin digiri 18 da 27. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa. In ɗakinka ya ƙaru da digiri biyar, cikin kwamfutar ma kusan biyar ɗin zai ƙaru. Apple ma a takardunsu sun rubuta a yi amfani da laftof ɗinsu a wurin da bai wuce digiri 35 ba, sauran kamfanonin ma kusan haka suke cewa.

Kuma ka sani duk wutar da kwamfuta ta sha, zafi take komawa, babu ragi. In taka tana jan wat 200, daidai take da ƙaramar hita mai wat 200 a kunne. A awa 75 kilowat-awa 15 ke nan ka zuba wa ɗakin. Idan ka rufe ƙofa da taga ka tafi, ɗakin zai yi ta ɗumama, ita kuma tana sake shaƙar iskar da ta fitar. Wannan ita ce hanya ɗaya da awa ta saba'in za ta fi awa ta biyu zafi. A bar iska tana shiga tana fita.

A wurin aikinmu in na tuna abin da muka fi canzawa, fanka ce, sai akwatin wuta, sai faifan ajiya. Firosesa kuwa zan iya ƙirga waɗanda suka mutu a hannuna da yatsun hannu ɗaya. Fanka ita ce take da ƙafa mai juyawa, man cikinta yana bushewa. Akwatin wuta kuma kafasitocin cikinsa, ƙananan sassan da suke tara wuta suna daidaita ta, su ne suke tsufa, kuma akwai ƙa'idar da injiniyoyi suke bi a kansu: duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwarsu biyu. Kafasitar da aka rubuta mata awa 2,000 a digiri 105, in tana zaune a 65 za ta kai wajen awa 32,000, fiye da shekara uku da rabi ba tsayawa. Ka ga zafi ba ya kashe ta yau, kwanakinta yake ci a hankali. Irin wannan ɓarnar ce ta gaskiya, kuma wanda yake yin haka kullum shi ya kamata ya damu da ita, ba mai kwana uku ba.

Ka ƙara ido a kan SSD ɗinka, wato faifan ajiyar kwamfutar, a cikin HWiNFO. Yawancinsu an rubuta musu digiri 70 ne iyaka, ba 100 ba, kuma a nan ayyukan mutanen da ka ambata suke. Ka kwafe su zuwa wani faifai na waje yau ɗin nan, ko da zafi ko babu.

Wuta kuwa, irin mai harshe da hayaƙi, in ta tashi ba daga firosesa take tashi ba. Daga mahaɗa take tashi: soket mai sako-sako, wayar ƙari mai siririn ciki da aka ɗora wa kaya da yawa, bakin caja da ya fara baƙi. Inda haɗi bai kama da kyau ba nan zafi yake taruwa, kuma babu ma'aunin da yake kallon wurin. Ko a 2022 da katin hoton Nvidia mai suna RTX 4090 ya fito, abin da ya riƙa narkewa a wasu mutane bakin wayar wutarsa ne, Nvidia ta ce binciken da ta yi ya nuna yawanci ba a tura wayar ta shige har ƙarshe ba ne, daga baya aka sake fasalin mahaɗar. Don haka ka jona cajarka kai tsaye a bango in da hali, bayan awa ɗaya ka taɓa filogin ka ji.

Abu ɗaya da ban bi Baba Bakanike a kai ba shi ne canza man shafawar a wannan makon. Ƙura a share, wannan ba gardama. Amma ɗaga ƙarfen sanyaya a laftof wani aiki ne daban. Akwai 'yan katifu masu laushi a kan sauran guntayen, kowace da kaurinta, in ɗaya ta yage ko aka sa wadda ba daidai ba, sai ka rufe ka ga zafi ya fi na da. Wasu laftof ɗin gem ma ba mai ne a ciki ba, ƙarfe ne mai ruwa-ruwa, ɗigo ɗaya ya zuba a kan allo shi ke nan. Mutumin da kwamfutarsa ɗaya ce kuma Litinin tana jiransa, a bar kaza cikin gashinta sai ya miƙa aiki.

Tsohon_Bakanike ya rubuta:

Na karɓi gyara, yaro ya yi gaskiya. Hannuna ne ya saba, na manta ba kowa ne ni ba. A share ƙurar a gani tukuna. In bayan an share har yanzu tana tsalle zuwa 95 cikin daƙiƙa biyu da fara aiki, ko ka ga wani sashen firosesar ya fi ɗan'uwansa da digiri 15 ko fiye, to man ne, sai a yi bayan Litinin.

Ɗan_Kusurwa ya rubuta:

Yallaɓai mai zane, ni tambaya ce da ni. Me ya kai firosesarka 97 alhali kana da katin Nvidia? Ina zargin a saitin Blender, wajen da ake zaɓar na'urar da Cycles, injin fitar da hoto na Blender, zai yi aiki da ita, ka yi wa duka biyun alama, katin da firosesar. Kowa yana yin haka da farko, yana ganin hannu biyu ya fi ɗaya. A laftof sau da yawa akasin haka ne, don su biyun bututun sanyaya ɗaya suke rabawa, wuta ma caja ɗaya suke sha. Firosesar tana ƙara ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, tana kuma gasa katin da yake yin ainihin aikin. In katin naka samfurin RTX ne, a wannan saitin zaɓi inda aka rubuta OptiX, cire alamar firosesar, fitar da hoto goma ka gwada lokacin.

Na biyu, kuma wannan ya fi komai: kada ka fitar da shi a matsayin bidiyo kai tsaye. Fitar da hotuna ɗaya-ɗaya, PNG, cikin jaka guda, daga baya ka haɗa su cikin 'yan mintuna. In wani abu ya faru a hoto na 1,500, daga na 1,501 za ka ci gaba. In bidiyo ne kai tsaye, kana iya rasa kwana biyu da rabi a banza. Ka kuma hana ta yin barci da kanta a saitin wuta, ka dakatar da sabuntawar manhaja da kwamfutar take yi da kanta na mako guda.

Mai_Zanen_Gini ya rubuta:

Jama'a Allah ya saka da alheri, ga yadda aka yi.

Na kwafe ayyukana tukuna kamar yadda Mai_Gadin_Saba ya ce. Sannan na kai aka buɗe ta a gabana. Baba Bakanike, da caca muka yi da ka cinye ni. Abin da aka ciro daga bakin fanka ta hagu sai da na ɗauke shi hoto, kamar guntun bargo, launin toka, tsawon yatsa. Ta dama da sauƙi. Kunya ta kama ni, shekara uku ina goge gilashi kullum ina ganin ina kula da ita. Batirin lafiyarsa ƙalau Maman_Biyu, a shafe yake, na kuma sa caji ya tsaya a 60. Ba a taɓa man ba.

Ɗan_Kusurwa kuma kamar kana leƙen kwamfutata, duka biyun na yi wa alama. Da na cire ta firosesar, ta sauko tana yawo wajen 70, katin hoto ya zauna a 78, hoto kuma yana fita a minti ɗaya da daƙiƙa hamsin, bai ƙara ko daƙiƙa ɗaya ba har ƙarshe. Awa 75 ta koma 55. Na ɗora bayanta a kan littattafai biyu, caja a kan tebur ita kaɗai, taga a buɗe.

Duk da haka sai da na yi tuntuɓe. Na hana ta barci amma na manta ban dakatar da sabuntawar ba. Dare na biyu ta sabunta kanta ta sake tashi, na farka da asuba na ji ɗaki shiru, gabana ya faɗi, na ce shi ke nan ta ƙone. Ina taɓa ta sai ga ta sanyi ƙalau tana jiran in sa kalmar sirri. Na duba jakar, hoto 1,240 suna nan cif. Na ci gaba daga na 1,241, asarar awa huɗu kawai na yi. Daren Asabar ta gama, na haɗa bidiyon, mai gida ya gani ya ce a canza launin ƙofar gaba, wadda take fitowa a hoto 300 na farko.

Saura abu ɗaya Baba Bakanike. Tun da aka gama, fankar hagun nan tana wani ɗan ƙara siriri, kamar kukan gyare, musamman in tana juyawa a hankali. In ta ɗauki gudu sai ya ɓace. Ɗiga mata mai ake yi ko canza ta zan yi?

Tsohon_Bakanike ya rubuta:

Canza ta ƙanena. Ƙafarta ce ta fara ci, ta yi shekaru tana tura iska a bango. Mai zai yi maka shiru na wata ɗaya ko biyu ne kawai. Akwai lamba a jikin takardar da ke manne a bayanta, da ita za ka nemo irinta, don ta hagu da ta dama ba ɗaya ba ne. Hoto 300 ɗin ƙofar dai za ta kai ka, amma ka yi su da rana kana kusa.